SANA'O'IN GARGAJIYA DA RAYA BASIRAR YARA A MAKARANTUN FIRAMARE

(Matanin laccar da aka gabatar a wani taron ƙara wa juna sani na malaman makarantun firamare da na Islamiyya)



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam, ya ba shi hankali, ya kuma hore masa hannuwa biyu domin ya sarrafa abin da ke bayan ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S.A.W) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da iyaye, maudu'in da aka ɗora mini shi ne yadda za mu yi amfani da sana'o'inmu na gargajiya wajen raya basirar yaran da ke makarantun firamare. Mai yiwuwa wani ya ɗauki wannan ƙaramin al'amari ne idan an kwatanta shi da matsalolin da suka dabaibaye ilmi a ƙasar nan, kamar cunkoson ajujuwa da ƙarancin ƙwararrun malamai. Ina fatan kafin mu tashi daga wannan zama za mu fahimci cewa al'amarin ya shafi amanar da ke wuyanmu kai tsaye, domin yana taɓa hankalin yaro da kuma halayensa.

ABIN DA DARASIN AIKIN HANNU YA KOMA

Koyar da sana'a a makarantar boko ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A shekarar 1909, lokacin da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, akwai sashen koyon sana'o'in hannu a cikinta. Haka kuma manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a shekarar 1977, shekara guda bayan fara shirin ilmin firamare kyauta na 1976, ta lissafa horar da hannun yaro da share masa fagen koyon sana'o'in yankinsu a cikin manufofin karatun firamare. Ashe ke nan a takarda ba a bar komai a baya ba.

To, amma mene ne yake faruwa a aikace? Kowa a nan ya san amsa. A makarantu masu yawa, idan ƙarshen zangon karatu ya gabato, sai a ce wa yara kowa ya kawo aikin hannu. Yaro ya koma gida ya tasa mahaifiyarsa da kuka, ita kuma ta kunce bakin zane ta ba shi kuɗi, ya tafi kasuwa ya sayo tsintsiya ko mafici ko faifai, ya kawo wa malami, malami ya ba shi maki. A wasu wuraren ma an rage wahala, kuɗin kawai ake karɓa a rubuta sakamako.

Don Allah mu dubi abin da yaron nan ya koya. Bai koyi ɗaure tsintsiya ba, bai san daga wane icce aka samo kabar da ke maficin ba. Abin da ya koya shi ne cewa mutum yana iya gabatar da aikin wani a matsayin nasa, kuma maki abin saye ne. Yaro ɗan shekara takwas aka koya wa wannan, kuma malaminsa da iyayensa ne suka haɗu suka koya masa. Idan ya girma ya sayi amsar jarrabawa, ko ya karɓi kuɗin kwangila bai yi aikin ba, kada mu tambayi inda ya samo halin. Darasin da aka tanada domin ya koyar da ƙwazo ya zama darasin farko na algus.

MECE CE BASIRAR ƘIRƘIRA?

Abin da muke nufi da basirar ƙirƙira shi ne ikon da mutum yake da shi na duban abin da ke gabansa, ya hango wani abin da za a iya fitarwa daga cikinsa, sannan ya san hanyar da zai bi har ya fitar da shi. Da Larabci ana kiran wannan ibda'i, kuma asalin kalmar ɗaya ne da na bidi'a. Ya kamata mu tsaya a nan kaɗan, domin kada wani ya rikita abubuwa biyu. Ƙa'idar da malamai suka kafa ita ce, a sha'anin ibada ana tsayawa ne inda nassi ya tsaya, amma a sha'anin rayuwa da sana'a da ma'amala asali shi ne halacci har sai dalili ya hana. Wanda ya ƙago sabuwar salla ya ɓata. Wanda ya ƙago sabon samfurin garma ko sabuwar hanyar ajiye hatsi ya amfanar da jama'a, kuma yana da lada gwargwadon niyyarsa.

Allah ya dasa wannan basira a cikin kowane yaro. Ku dubi yaranmu a bayan gida da kaka, bayan an girbe dawa. Su fere kara, su raba ɓawo da totuwa, su haɗa mota mai ƙafa huɗu da ƙofa mai buɗewa. Wasu su yi keji, wasu su yanka gwangwani su yi motar langa-langa, 'yan mata kuma su gina ƙananan tukwane na wasa. Babu wanda ya ba su littafi ko maki. Sai yaron nan ya shiga aji ɗaya, mu ce ya naɗe hannu, ya maimaita abin da aka faɗa, ya kwafi abin da ke kan allo. Hadda tana da muhimmin matsayi wanda babu mai musunsa, da ita aka tsare mana Alƙur'ani da Hadisi. Amma idan shekara shida ta wuce ba a taɓa tambayar yaro ya yi wani abu da tunaninsa da hannunsa ba, to, mun ciyar da ɓangare guda na hankalinsa mun bar ɗayan da yunwa.

Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi dogon bayani a kan sana'o'i a cikin Muƙaddimarsa. Taƙaitaccen ra'ayinsa shi ne sana'a ƙwarewa ce da take zama a jikin mutum ta hanyar maimaitawa a gaban gwani, kuma duk wanda ya ƙware a wata sana'a yana samun ƙarin hankali ta dalilinta. Wato a wurinsa hannu ma malami ne ga ƙwaƙwalwa.

DUKIYAR DA KE ƘOFAR GIDANMU

Babu buƙatar mu jira kayan aiki daga ƙasashen waje, domin Allah ya ajiye mu a ƙasar da aka san ta da sana'a tun ƙarnuka masu yawa. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, tana nan har yau, ko da yake da yawa daga cikin karofinta sun daina aiki. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya ba da labarin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta ratsa Sahara ta shiga kasuwannin Turai, inda aka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take bi. Garin Kura ya yi suna da rinin turkuɗi, Bida da aikin tagulla da ƙarau, Agadas da ƙirar azurfa, Damagaram da dukanci. A Zariya, Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara, kuma har yau masana gine-gine suna nazarin bakunan da ya ɗaura.

Shugabanninmu na farko ba su yi wasa da wannan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, a cikin littafinsa Usulus Siyasa ya sanya kula da masu sana'a, kamar manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, a cikin wajiban shugaba, ya kuma yi nuni da a tabbatar kowane gari yana da nasa.

Ko makarantar allo da muka gada ba ta raba karatu da aikin hannu ba. Almajiri shi yake fiƙe alƙalaminsa, shi yake haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro, kuma idan sauka ta zo a ƙawata allo da zayyana, wadda aiki ne na awo da daidaita layuka da launuka. Gafakar da ake sanya Alƙur'ani a ciki aikin baduku ce, allon kansa aikin masassaƙi ne.

ABIN DA YARO ZAI SAMU A KOWACE SANA'A

Bari mu ɗauki misalai mu ga abin da ke cikinsu dalla-dalla.

Ginin tukwane. Yumɓu shi ne mafi dacewa da ƙananan yara, domin yana karɓar gyara. Idan abu ya karkace sai a dunƙule a sake, babu asarar komai. Yaro zai gano da kansa cewa idan ruwa ya yi yawa gini ba ya tsayawa, idan gefe ɗaya ya fi kauri kasko yana tsagewa, idan aka shanya a tsakiyar rana maimakon inuwa ya dare tun kafin a kai ga gashi. Duk wannan ilmi ne da ya shiga ta yatsu, kuma ba ya fita. Kada kuma mu raina inda yumɓu yake kai mutum. Ladi Kwali ta koyi ginin tukwane tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta a ƙauyen Kwali, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma bayan rasuwarta a 1984 aka sanya hotonta a bayan takardar naira ashirin.

Aikin kaba. Saƙar tabarma lissafi ce tsantsa. Yaro zai ɗaga ɗaya ya danne ɗaya, ya ga irin zanen da ya fito. Sai a ce masa ya ɗaga biyu ya danne biyu, yana gusawa da ɗaya a kowane layi, sai ya ga zanen ya koma a karkace kamar matakala. Daga nan shi da kansa zai fara tambaya: in na ɗaga uku fa? Wannan tambayar ita muke nema. A ɗinkin faifai kuwa, zai lura cewa kowane zagaye ya fi na cikinsa cin kaba, kuma in yana son zanensa ya daidaita dole ya raba da'irar kashi-kashi daidai. Ya san da'ira da hannunsa tun kafin a zana masa ita a kan allo.

Rini. A nan kimiyya take. Marini yana jiƙa baba da toka da katsi a cikin karofi, ya bar shi kwanaki yana motsawa har ya nuna. Idan aka tsoma farin ƙyalle aka ciro shi, da farko kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idon mai kallo. Yaron da ya ga wannan ba zai rasa tambayar dalili ba, kuma a nan malami zai shigo da bayanin aikin iska. Sannan a ba kowane yaro ƙyalle da zare ya ɗaure yadda ya ga dama, wani ya sa tsakuwa a ciki, wani ya ninke. Yara arba'in za su kunce ɗauri arba'in, babu biyu da za su zama iri ɗaya. Sauran launuka ma suna kusa: karan dafi yana ba da ja, saiwar rawaya tana ba da ruwan ɗorawa.

Saƙa da dukanci da ɗinkin hula. Waɗannan sun fi dacewa da 'yan aji biyar da shida, domin suna buƙatar haƙuri da tsara aiki tun kafin a fara. Masaƙi ba ya jefa ƙoshiya sai ya gama wadari, ya ƙirga zarensa, ya san inda fari zai zauna da inda baƙi zai ratsa. Mai ɗinkin hula sai ya zana, ya tabbatar zanen zai zagayo ya haɗu da mafarinsa ba tare da gurbi ba. Baduku sai ya auna kafin ya yanka, domin fata in ta yanku ba ta komawa. Yaro yana koyon duban ƙarshen al'amari tun daga farkonsa.

Akwai kuma ribar harshe. Yara nawa ne a yau suka san mazari da abawa, ko allira da kwarkwaro, ko gizago da masaba? Idan sana'a ta mutu, kalmominta suna bin ta kabari. Saboda haka bayan kowane aiki a sa yaro ya rubuta sunayen kayan da ya yi amfani da su da matakan da ya bi, da boko ko da ajami. Darasin aikin hannu ya zama darasin insha'i ke nan.

YADDA ZA A TSARA DARASIN

Shawarata ga shugabannin makarantu ita ce kamar haka:

1. A zaɓi sana'ar da ake yi a garin. Makarantar da ke kusa da fadama mai yumɓu ta fara da tukwane, wadda ke yankin goriba ta fara da kaba.

2. A gayyato gwanin sana'ar, namiji ko mace, ya shigo makaranta sau ɗaya a mako, a girmama shi a gaban yara kamar kowane malami, ƙungiyar iyaye da malamai kuma ta ba shi ɗan abin hasafi. Malamin aji ya zauna tare da shi, domin shi zai ɗaure abin da aka gani da darasin lissafi ko kimiyya.

3. A bi matakai uku. Na farko kwaikwayo: yaro ya yi daidai yadda gwani ya yi har hannunsa ya faɗa. Na biyu sauyi: a ce ya canja abu guda, launi ko girma ko zane. Na uku ƙirƙira: a ba shi matsala ya warware, misali a ce ajinmu ba shi da wurin ajiye alli, ko butocin alwala suna zube a ƙasa, me za ka yi mana da kara ko kaba ko yumɓu? Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a mataki na farko, sai a sami yara masu kwafe da hannu kamar yadda suke kwafe da alƙalami. Wasu kuma su tsallake zuwa na uku, su ce yaro ya yi abin da yake so alhali bai iya riƙe kayan aikin ba.

4. Kada a karɓi wani aiki sai wanda aka yi a makaranta a gaban malami. Kwandon da ya karkace amma yaro ne ya saƙa shi ya fi maki a kan kyakkyawan da aka sayo, wanda ba shi da maki ko ɗaya. Kada a yi wa yaro dariya ko duka don aikinsa ya lalace. A tambaye shi: me kake gani ya jawo haka?

5. Abin da yaro ya yi nasa ne. A baje kolinsa a ranar bikin ƙarshen shekara iyaye su gani, sannan ya tafi da shi gida. Haramun ne malami ya mayar da yara leburorinsa.

6. A kiyaye lafiyarsu. Ƙira da jima a kai yara su gani da ido kawai. Wuƙa da basilla sai manyan aji, a ƙarƙashin kulawa. Sinadaran rinin zamani masu cin fata kada a bari su kusance su.

AMSA GA WASU ƘORAFE-ƘORAFE

Wani zai ce waɗannan sana'o'i sun mutu, roba da leda sun kore su, don me za mu ɓata lokacin yara? Amsa ita ce manufarmu ba ta tsaya ga mayar da kowane yaro magini ko masaƙi ba. Muna koyar da lissafi ga kowa alhali ba kowa zai zama akanta ba. Likita mai fiɗa da injiniya da mai gyaran waya duk suna buƙatar ido mai lura da hannu mai natsuwa da zuciyar da ba ta karaya idan gwajin farko ya ƙi. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani uban zai ce shi ɗansa ba zai taɓa fata ko yumɓu ba, domin su ba gidan dukawa ba ne, ba su gaji wannan ba. Wannan raini saura ne na jahiliyya, kuma wajibi ne mu yaƙe shi. Annabi Dawuda (A.S) sulke yake ƙerawa, kuma daga aikin hannunsa yake ci. Annabi Zakariyya (A.S) masassaƙi ne, kamar yadda ya tabbata a Sahihu Muslim. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh (R.A) tana jima tana ɗinkin fata, ta yi sadaka da abin da ta samu. Wane ne a cikinmu ya fi waɗannan asali?

Wani kuma zai ce ai wasu masu sana'a suna haɗawa da tsafi da surkulle, kamar wasan wuta da ake yi a wasu bukukuwan maƙera. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa zaɓen wanda za a gayyato yake hannun hukumar makaranta. A ɗauki fasahar a zubar da camfin. Hasali ma idan yaro ya fahimci dalilin da ya sa baba yake rina ƙyalle, ya fi ƙarfin a ruɗe shi da cewa wani asiri ne. Dangane da surar abu mai rai kuwa, malamai da yawa sun yi rangwame a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanar Nana A'isha (R.A). Duk da haka ba mu da buƙatar shiga wurin saɓani, domin adonmu na gargajiya, daga dagi zuwa aska takwas zuwa zayyana, mafi yawansa layuka ne da kusurwoyi da da'irori.

Game da masu cewa babu kuɗi, sai mu tambaye su: nawa ake sayar da karan dawa bayan girbi? Nawa ne kuɗin yumɓun bakin rafi, ko yankakkun ƙyallayen da tela yake sharewa, ko guntayen fatar da baduku yake zubarwa? Abin da ya yi ƙaranci shi ne niyya da tsari.

KAMMALAWA

Ya ku 'yan'uwa, gwanayen da suka rage a garuruwanmu yawancinsu sun manyanta, kuma da yawa 'ya'yansu ba su karɓi sana'ar ba. Duk wanda ya rasu a cikinsu yana tafiya da ilmin da ba a rubuta a ko'ina ba. A ɗaya gefen kuma ga dubban yara zaune a ajujuwa da hannuwa a naɗe. Tsakanin tsohon da ke da ilmi babu ɗalibi da yaron da ke da basira babu abin yi, sau da yawa katangar makaranta ce kawai, kuma mabuɗin ƙofarta yana hannunmu.

Saboda haka ina kira ga kowane shugaban makaranta da ke wannan zaure da ya yi abu biyu kafin ƙarshen wannan zango: ya hana karɓar kuɗi ko kayan kasuwa da sunan aikin hannu, sannan ya nemo mai sana'a guda ɗaya a unguwarsa ya shigo da shi aji. Iyaye kuma, idan yaro ya zo muku da kaskon da ya karkace, ku karɓa da hannu biyu, ku sa masa albarka, ku tambaye shi yadda ya yi shi.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya sanya albarka a hankulansu da hannuwansu, ya ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, shi ne kuma masani.